Daga Bakin Famfo Ake Farawa: Jagorar Haɗa Kan Unguwa a Damagaram

A Damagaram, gidan da ba shi da famfo ya fi mai famfo sayen ruwa da tsada. Kowa ya san haka, amma kaɗan ne suka taɓa zama suka lissafa. Mita ɗaya ta ruwa, irin wadda kamfani ke rubutawa a takardar ƙarshen wata, lita 1000 ce, wato bido 40 mai cin lita 25. In ana sayar da bido dala biyar a bakin famfon unguwarku, mitar ta tashi jika guda ke nan. In bazara ta tsananta har mai garuwa ya kawo shi ƙofar gida a dala ashirin, ta koma jika huɗu. To ku ari takardar ruwan maƙwabcinku mai famfo a tsakar gida, ku duba nawa aka sa masa mitocin farko. Abin da za ku gani tsakanin lambobin nan biyu shi ne harajin da talauci ke karɓa a hannun talaka kowace safiya, ba tare da wata majalisa ta taɓa zama ta amince da shi ba.

Na rubuta wannan jagora ne domin masu son su taɓuka wani abu a kan irin wannan: matasan fada, matan asusu, malaman lakwal, ƴan kabu-kabu, masu tebur a Kasuwar Dole. Ruwa zan riƙe misali tun daga farko har ƙarshe, don shi ne ciwon garin nan, amma matakan suna aiki a kan kuɗin tikitin kasuwa, ko ajin da ba shi da benci, ko magudanar da ta toshe har damina ta ci gidaje.

Akwai kuma dalilin da ya sa aikin ya faɗo kan ƴan unguwa yanzu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da harkokin jam'iyyu, a Maris 2025 aka rusa su baki ɗaya. Tun Afrilu 2024 an sauke zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Kansilan da ake tarewa a wurin suna ko jana'iza a yi masa ƙorafi ba ya nan. Wanda ya rage shi ne maƙwabci da maƙwabci.

Mataki na farko: ku yi wata guda kuna saurare

Kada ku fara da kiran taro. Taron da aka kira kafin a zaga gida-gida, masu surutu ne ke cika shi, masu ciwon kuwa suna can suna layin ruwa. Ku samu mutum huɗu ko shida da kuka amince da juna, ku rabu biyu-biyu, ku raba layukan unguwa. Dole a samu mata a cikinku, domin namiji a zaure zai tsaya, alhali wadda ta san bido nawa gidan ke sha tana ciki. Ku je da hantsi bayan an gama aikin safe, ko tsakanin la'asar da magariba. Ranar Alhamis ku bar mutane su ci kasuwa.

Shigarku ta zama ta ɗan unguwa. A yi sallama, a gaisa sosai, sannan a ce: "Inna, mu ƴaƴanki ne na layin masallaci. Ba mu zo da komai ba, ba kuma wanda ya aiko mu. So muke mu ji abin da ya fi damun gidan nan a kwanakin nan." Wannan magana ta "ba mu zo da komai ba" ku faɗe ta tun da wuri, don mutane sun saba duk mai yawo da takarda sunayen rabon shinkafa yake rubutawa.

Tambayoyi uku sun isa. Me ya fi cin kuɗin gidan nan da bai kamata ba? An taɓa ƙoƙarin gyara shi, me ya faru? In wani abu ya taso a layin nan da tsakar dare, ƙofar wa ake bugawa? Ta ukun ta fi sauran amfani. Sunan da kuka ji an maimaita a gida biyar ko shida, shi ne shugaban da unguwa ta riga ta zaɓa ba tare da ƙuri'a ba. Sau da yawa ungozoma ce, ko uwar adashe, ko tela, ko ladan. Irin waɗannan ba sa neman a gan su, ku ne za ku bi su har gida ku roƙe su su shigo.

Mataki na biyu: ku zaɓi abu guda

Za ku dawo da koke ashirin. Ku ɗauki ɗaya. Wanda za ku ɗauka ya zama ya shafi gidaje da yawa, akwai wani mutum takamaimai mai ikon cewa "a yi", kuma ana iya ganin sakamakonsa cikin wata uku zuwa shida.

"Ƙarancin ruwa a Damagaram" ya fi ƙarfin kwamitin unguwa. Garin a kan dutse yake zaune, rijiya ba ta ba da abin kirki, shi ya sa ake janyo ruwan daga nesa, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram, ga jama'a kullum ƙaruwa take. Wannan magana ce ta biliyoyi. Amma a cikinta akwai ƙananan da hannunku ke iya kaiwa: a sake buɗe famfon layi da aka rufe saboda bashi, a rubuta farashin bido a allo a jikin kowane famfo a kuma tsaya a kansa, a sanar da ranaku da sa'o'in da ruwa zai zo unguwa, don mata da ƴan mata su daina kwana a bakin famfo, a ja bututu zuwa layukan da ya tsaya kafin ya kai. Ku rubuta buƙatar a jimla guda mai ɗauke da wa zai yi, me zai yi, zuwa yaushe. In ba ta shiga jimla guda ba, ba ta nuna ba tukuna.

Wasu za su ce wannan ƙaramin abu ne, su adalci suke nema a ƙasa baki ɗaya. Ni ma shi nake nema. Sai dai mutanen da ba su taɓa cin nasara tare a kan allon farashi ba, ba za su tsaya tare a kan rabon arzikin man fetur ba, ko da matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 tana nan arewa da gari suna ganin tankokinta na wucewa. A kan ƙaramin ne ake koyon yarda da juna.

Mataki na uku: kaye

A nan zan daɗe, don nan ne yawancin ƙungiyoyi ke tsallakewa, nan ne kuma ƙarfinsu yake. Jami'in da aka ce wa "muna shan wahala" zai ce Allah ya kawo sauƙi, ya raka ku ƙofa. Wanda aka ajiye wa kaye, wato littafin rubutu, mai ɗauke da kwanan wata da sa'a da farashi, dole ya ba da amsa.

Ku sayi kaye ɗaya don kowane famfo. A kowane shafi a ja layuka: rana, lokacin da ruwa ya zo, lokacin da ya ɗauke, farashin bido a bakin famfo, farashinsa a hannun mai garuwa, yawan bidunan da ke layi da ƙarfe bakwai na safe. Ku ba wa wanda gidansa ke kallon famfon, ku haɗa shi da ɗan lakwal ko ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke zaune a unguwar, don a riƙa duba juna. Wanda ajami ya iya ya rubuta da ajami, daga baya a kwafe. Ranar da ruwa bai zo ba a rubuta "babu", kada a bar wurin fari, domin farin wuri ana iya cewa mantuwa ce. Ranar da ya zo da kyau ma a rubuta gaskiya. Ƙarya ɗaya da aka kama a kaye ta isa ta zubar da sauran shafukan, kuma ma'aikatan ruwa suna da nasu lissafin da za su gwada da naku.

Ban da wannan, ku zaɓi gidaje ashirin ko talatin masu hali daban-daban, gidan haya, gidan gwauruwa mai marayu, gidan mai mata biyu, gidan mai sayar da abinci, su riƙa faɗin abin da suka kashe a ruwa kowace rana. A ƙarshen wata ku tara, ku gwada da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya koma jika 42 tun farkon 2024. In gida yana sayen bido shida a rana a dala goma-goma, jika tara ke nan a wata, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na wannan albashi, kuma mafi yawan mutanen unguwa ko albashin ba su da shi. Irin wannan jimla ita ce ke sa ɗaki ya yi tsit.

Sati huɗu ana rubutu shi ne mafi ƙaranci, shida ya fi. Lokacin da ya fi dacewa daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da abin ya fi ƙamari. Kada a rubuta sunayen masu gidajen a takardar da za ta fita, lamba ta isa. A ɗauki hoton kowane shafi da waya a ƙarshen mako, a ajiye a hannu biyu, saboda kaye yana ɓata, yana kuma jiƙewa.

Wani amfanin da ba a lura da shi da wuri: mai riƙe da kaye yana zama ɗan ƙungiya ba tare da an yi masa wa'azi ba. Yarinyar da ta yi wata tana rubuta sa'ar zuwan ruwa, ranar ganawa da hukuma ba za ta yarda a faɗi abin da ba haka ba a gabanta.

Mataki na huɗu: kwamiti, da kuɗin kanku

Yanzu ne za a kira taro, a ƙofar gidan mai unguwa ko a filin lakwal, bayan an je an gaishe shi an shaida masa tun da wuri. A karanta abin da kaye ya nuna, da Hausa, a bar mutane su yi magana, sannan a zaɓi kwamiti. Mutum bakwai zuwa tara sun isa. Rabi su zama mata, kuma ba kujerar "mai kula da harkokin mata" kaɗai ba: a ba su ma'aji ko shugabancin kansa. Matan ƙasar nan da tattakinsu na 13 ga Mayu 1991 suka ƙwaci ƙarin kujeru a shirin babban taron ƙasa, ba kyauta aka yi musu ba, kuma a maganar ruwa su ne masu ilimin.

Ku sa mai garuwa a kwamitin, ku sa mai famfo in ya yarda. Na san wasu za su ce ai su ne masu tsauwalawa. Mai garuwa talaka ne da ke tura kura cikin rana, yana biyan hayarta, yana kwana a layi, wani lokaci sai ya je wata unguwa mai nisa kafin ya cika. In kuka mai da shi abokin gaba, kun buɗe faɗa tsakanin mai yunwa da mai yunwa, wanda ke da ikon gyara kuwa ya samu hutu. Haka matasan fale, wato ƙungiyoyin samari majiya ƙarfi, na Kara-Kara da sauran unguwanni, waɗanda aka saba kira sai ranar da ake son ƙarfi ko hayaniya. Ku kira su tun ranar shawara, ku ba su aiki mai daraja, kamar riƙon kaye ko tsara layi. Yaron da aka ba amana a gaban dattawa yakan riƙe ta.

Sai kuɗi. Ku sa wa kanku abin zubi, ko dala biyar ce a mako kowane gida, wanda ba shi da hali a yafe masa ba tare da an tallata ba. Tsarin ajiya ba sai kun ƙirƙiro ba, ku tambayi matan asusu. Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, sun daɗe da warware wannan: akwati mai kwaɗo fiye da ɗaya, makullai a hannun mutane daban-daban, akwatin a gidan wadda ba ta da makulli, ba a buɗewa sai a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi, a faɗi abin da ya rage. Ku yi haka kowane zama, ko jika biyu ce a ciki. Ƙungiyoyin unguwa da yawa ba hukuma ce ta kashe su ba, zargi ne a kan kuɗin da ba a ƙirga a fili ba.

Da zarar an ga kuna da jama'a, masu kyauta za su zo. Wani attajiri zai aiko da kuɗin shayi da riguna masu hotonsa, wani proje zai gayyaci shugabanku bita ta kwana uku a otel da perdiyam. Ku yanke hukunci tun kafin su zo, ku rubuta shi: ba a karɓar kuɗi a ɓoye, duk abin da aka ba wani da sunan ƙungiya akwati zai shiga, kuma ba a ɗaukar kyautar da ke da sharaɗi. Ba cewa nake duk mai bayarwa mugu ne ba. Abin da na sani shi ne, ranar da zuwa taro ya koma don ambulan, ranar da ambulan ta yanke ba mai zuwa. Wanda ya zuba dala biyar ɗinsa kuwa yana da bakin tambayar ina aka kwana.

Mataki na biyar: takardu

Kuna iya fara saurare da rubutu ba tare da rajista ba, amma in za ku daɗe ku yi ta. Dokar ƙungiyoyi ita ce mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984. Za a nemi dokokin ƙungiya, da ƙa'idojin cikin gida, da rahoton taron kafawa, da sunayen ƴan biro. Ku kai ma'aikatar magajin gari ta da'irarku, cikin biyar ɗin da birnin ke da su, ku tambayi abin da ake buƙata a yanzu, kuma kada ku fito sai da takardar shaidar ajiya mai hatimi. Ku riƙe lissafin shekara tsaf, don ana sa ido sosai a kan kuɗin ƙungiyoyi. In kuma burinku ku karɓi tafiyar da famfo da kanku ko ku riƙa sarin hatsi tare, ƙungiyar haɗin gwiwa ta fi dacewa: a dokar 2010 ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na ƙasashen Afirka da dama, mutum biyar sun isa kafa mai sauƙin tsari.

Mataki na shida: ku san ƙofar da za ku buga

Ku zauna da babbar takarda ku rubuta duk mai hannu a maganar. Kamfanin SPEN ne ke da alhakin manyan ayyuka da shimfiɗa kayan ruwa na birane. Rarrabawa da karɓar kuɗi, da SEEN ke yi a da, sun koma hannun kamfanin ƙasa NDE tun farkon 2024. Akwai ma'aikatar ruwa ta jiha, akwai kantoma, akwai gwamna. Kowace buƙata da mai ita: allon farashi da sake buɗe famfo wuri ɗaya, jan sabon bututu wani wurin. Kai kuka inda ba a da ikon share shi ɓata wata guda ne.

A gefe kuma ku rubuta waɗanda ake jin maganarsu. Mai unguwa hanya ce zuwa fadar Sarkin Damagaram, kuma maganar da ta biyo ta fada ba a yi mata riƙon wasa. Liman in ya ga kaye da idonsa yana iya ambaton haƙƙin maƙwabci da haramcin tsauwalawa a huɗuba. Ku je masa da ladabi: "Allah gafarta Malam, ga abin da muka tattara, muna son ka duba ka ba mu shawara." Shugabar asibitin unguwa ta san yawan yaran da gudawa ke kawowa in ruwa ya yanke. Daraktan lakwal ya san ƴan matan da ke makara saboda layi. Kada ku nemi su yi muku faɗan, ku nemi su faɗi abin da suka sani.

Mataki na bakwai: ganawa

Ku rubuta wasiƙar neman ganawa da Faransanci, kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a naku. In mako biyu ya wuce shiru, ku koma da kwafin a hannu.

Mutum biyar su shiga, kowa da aikinsa: dattijo ko dattijuwa mai buɗe magana, mai karanta lambobin kaye, mace ɗaya da za ta faɗi yadda darenta ke wucewa cikin minti biyu, mai faɗin buƙata, da mai rubutu wanda ba zai ce uffan ba. Ku gwada a gida kwana ɗaya kafin ranar, wani ya zama darakta ya yi ta kawo uzuri. Ku yi magana da harshen da kuka fi ƙarfi. In an juya zancen zuwa Faransanci don a bar Hajiya a baya, ɗayanku ya ce: "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri a maimaita da Hausa, iyayenmu su ji."

Za a ce muku an ji, za a duba. Ku yi godiya, sannan ku tambaya: wa zai duba, wace rana za mu dawo mu ji? Kada ku tashi ba rana. Kada kuma ku yarda a ware mutum ɗaya a ce ya tsaya bayan an fita, ko a kira shi shi kaɗai da dare. Duk wanda aka kira ya ce sai da abokan tafiyarsa. Kuma ku tuna ma'aikacin da ke gabanku wataƙila unguwarsu ma ba ruwa. Ba cin mutuncinsa kuka zo yi ba, kayen naku ma yana iya zame masa hujjar da zai aika Yamai.

A daren ranar a tara unguwa a faɗi duk abin da aka ce, har da wanda bai yi daɗi ba. Washegari a aika wa ofishin gajeriyar wasiƙar godiya mai ɗauke da alkawuran da aka yi da ranakunsu.

Mataki na takwas: in an yi biris

A hau a hankali, kowane mataki ya fi na baya nauyi kaɗan. Farko takardar koke mai sa hannu da dangwalen yatsa na gidaje ɗari biyu ko uku, a kai wa wanda kuka gana da shi, kwafi ga kantoma da gwamna da fada. Sannan neman bayani a rubuce: doka mai lamba 2011-22 ta Fabrairu 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma, don haka kuna iya tambayar farashin da aka ƙayyade wa famfunan layi da sharuɗɗan da masu riƙe da su suka sa wa hannu. Sannan rediyo. Gidajen rediyon gari irin su Anfani da Shukura suna da masu saurare a kowane zaure. Ku aika mutum biyu da kaye, su karanta lambobi, kada su zagi kowa, kada su ambaci sunan wani ma'aikaci. Sannan ku nemi wasu unguwanni, Garin Malam, Tudun Jamus, Birni, Zango, Sabon Gari, duk inda ake da irin ciwonku, su ma su buɗe nasu kayen. Unguwa ɗaya ana iya cewa bututunta ne ya lalace, biyar kuwa ba a iya faɗin haka. Ƙungiyoyin ƙwadago na malamai da ma'aikatan lafiya, da masu kare haƙƙin masu saye, sun san hanyoyin ofisoshi, ku nemi shawararsu amma ragamar ta zauna a hannunku.

An taɓa yin irin wannan a ƙasar nan aka ci. A farkon 2005 gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan madara, garin alkama, sukari, ruwa da lantarki. Gamayyar yaƙi da tsadar rayuwa ta haɗa ƴan ƙwadago da ƴan kasuwa da masu saye, aka yi tattaki a Maris, aka yi ranakun zaman gida da suka rufe kasuwanni. An kama jagorori biyar, cikinsu har da Nouhou Arzika da Moussa Tchangari da Morou Amadou, amma a Afrilu gwamnati ta janye harajin daga madara da garin alkama, ta sassauta na ruwa da lantarki. Abin lura a nan shi ne buƙatar guda ce, kowa ya fahimce ta, kuma makamin da ya fi tasiri shi ne mutane su zauna a gidajensu.

Yau yanayin ya fi na wancan lokaci tsauri, kuma ba daidai ba ne a tura mutane gaba ba a faɗa musu ba. Dokar 2004 ta wajabta sanar da hukuma a rubuce kwanaki kafin duk wata zanga-zanga a kan titi, kuma hukuma na iya hanawa. In an hana, kada ku fita, ku koma ga sauran hanyoyin. A Yuni 2024 an dawo da hukuncin ɗauri a dokar laifukan intanet kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da aka ɗauka zai tayar da hankalin jama'a. Don haka zauren WhatsApp na ƙungiya ya zama na sanar da lokacin taro da aika hoton kaye kawai. Masu kula da shi su zama biyu, su goge duk muryar da aka turo ba a san asalinta ba, a kuma hana zagin kowa, babba ko ƙarami. Shawara mai nauyi a yi ta ido da ido.

Ku shirya wa ranar da za a kira wani komisariya tun ba ta zo ba. Kada ya tafi shi kaɗai, dattawa biyu su raka shi, a sanar da mai unguwa nan take. Kada ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ya gane ba. Lambar wani lauya ko ta ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam irin ANDDH ta kasance a wayar mutum uku. A kuma ware wani abu a akwati don cefanen gidansa, saboda abin da ke karya mutum ba tsoron kansa ba ne, tunanin abin da yara za su ci ne.

Bayan an samu, ko an rasa

In allo ya hau jikin famfo, ku tara unguwa ku faɗa da baki cewa haɗin kanku ne ya kawo shi, ku ambaci masu riƙon kaye ɗaya bayan ɗaya, ku kuma aika godiya ga jami'in da ya cika alkawari, a rediyon da kuka kai kuka. Kada a rufe kayen: a ci gaba da rubutu wata uku, don farashi yakan koma inda ya fito in an ga ido ya ɗauke. In kuma ba a samu ba, a zauna a duba ko ƙofar ce ba daidai ba, ko buƙatar ta yi girma, ko jama'ar ba su kai ba, a rage ta a sake shiga.

Ku sa wa shugabanci wa'adi, shekara ɗaya ko biyu, kuma kowane mai muƙami ya riƙa tafiya da wani matashi ko matashiya duk inda za shi, har su iya rubuta wasiƙa da jan taro. Garin nan mutane na tafiya ci-rani, Kano, Agadas, Libiya, Aljeriya, kuma bai kamata ƙungiya ta bi mutum ɗaya tasha ba. Buƙata ta biyu ku ɗauko ta daga cikin koke ashirin ɗin nan na watan saurare. In kun fara da ruwa a bazara, watan Yuni na shigowa sai ku buɗe sabon kaye na magudanai da gidajen ƙasa da ke bakin kwari, ku kai wa kantoma jerin wuraren da ke buƙatar yasa kafin ruwan Agusta, domin daminar 2024 da ta rushe tsohon masallacin Birni ta nuna irin ɓarnar da ruwan sama ke iya yi wa ginin ƙasa a garin nan.